Layar Baba Tanko

Na san sarai cewa idan na ba da baya, Malam Almakashi jikokina suke ce mini. Na kuma san inda suka samo sunan, domin kakarsu Hajiya Kulu ba ta iya raɗa ba, ko a ƙuryar ɗaki ta yi magana sai an ji ta a zaure. Sunan bai dame ni ba, ni na jawo wa kaina. Abin da ya dame ni shi ne yadda labarin yake ta sauya kama a bakin mutane. A Sheme na ji ana cewa wai da gangan na yanke waƙar kakanmu don in ɓata wa mutanen Sabuwa. A nan Ƙanƙara kuwa wani ya rantse mini, ni da abin ya faru a kaina, cewa akuya ce ta haɗiye katin waya. To, ku zauna ku ji daga bakin mai shi tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro.

Kakana Malam Habu malamin zaure ne a Tafoki, manomi kuma. Ya bar 'ya'ya biyar: mahaifina Malam Lawal, sai Baba Sani, sai Gwaggo Delu, sai Gwaggo Hajo, sai autansu Baba Tanko. Huɗun farko sun zauna inda aka ajiye su. Baba Tanko kuwa tun yana saurayi ya ce shi karatu ba ya shiga kansa, shanu yake so. Wata safiya ya bi ayarin masu kora shanu bai yi sallama da kowa ba, ya yi ta yawonsa har ya ya da zango a Sabuwa, ya zama sanannen dillalin shanu. Bai sake haɗa ido da mahaifinsa ba, domin shekara uku da tafiyarsa Malam ya rasu, labari kuma bai iske shi ba sai bayan an yi arba'in. A cikin shekaru ukun nan ne Malam ya tsara wata doguwar waƙar wa'azi da ajami, a ƙarshenta ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Takardun suna cikin gafaka a rataye, gara ta hau bango ta gama da su tun ina ɗan firamare. Ba abin da ya tsira sai wanda ke kan Gwaggo Delu, wadda ta haddace waƙar tun tana kai wa Malam fura yana rerawa. Dukanmu mun san farkonta, don da shi take kaɗi, da shi take tankaɗe, amma ba wanda ya taɓa jin ta kai ƙarshe, kullum sai wani aiki ya katse ta. Baba Tanko yana zuwa gaishe ta duk shekara, sai dai girman kai bai taɓa barinsa ya ce ta rera masa ba. Ita ce dai takan tsokane shi.

"Kana ciki, mai gudun allo."

"Ni mi ya dame ni da waƙa," in ji shi, sai ya kawar da kai ya shiga zancen damina.

Ni kuma na yi rayuwata ina koyarwa a firamare da jan biro a aljihu. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san ciwon da yake bari: ba ka iya ganin abu a karkace ka wuce. Ko takardar gayyatar biki aka miƙo mini sai na gyara mata waƙafi kafin in duba ranar. Da na ajiye aiki na buɗe ɗan shago kusa da kasuwa, ina buga wa mutane takardu, ina ɗura musu karatu da tafsiri a katin waya. Rabi, 'yata ta uku, wadda ta karanta ilimin kwamfuta take aiki a Zariya, ita ta koya mini komai. Har da wata manhaja ta yanka murya da haɗa ta, wadda daga baya ta ce da ta san abin da zan yi da ita da ba ta nuna mini ba.

Shekarar da Gwaggo Delu ta fara dogara sanda, Rabi ta zo hutu a lokacin kaka ta tsare ni a shago. Ta ce in dai Gwaggo ta tafi, waƙar ta tafi ke nan, mu je mu ɗauka. Muka aika wa Baba Tanko da ranar, muka hau babura muka nufi Tafoki. Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ga dawa an shanya a tsakar gida. Gwaggo ta ce ba za ta buɗe baki ba sai an ba ta goro. Aka ba ta. Ta ɗauki wayar Rabi ta juya ta gaba da baya.

"Wanga abu shi zai riƙe muryata? Ko kunne ba shi da."

Muka jira Baba Tanko har rana ta fara zafi, bai iso ba, sai ta yi bisimilla ta fara. Ban taɓa zaton tsohuwar da ke manta inda ta ajiye takalminta za ta yi kusan awa guda tana zuba baiti ba tare da tuntuɓe ba. Da ta iso wurin addu'ar 'ya'ya ta ambaci mahaifina, sai da na sunkuyar da kai, don idona ya cika. Ta yi ta Baba Sani, ta yi tata tana murmushi, ta yi ta Gwaggo Hajo. A daidai nan wata jar akuyar maƙwabta ta faɗo gidan ta dira kan shanyar dawa. Gwaggo ta sarƙe da tari, ta nuna ta da sanda. Ni kuwa na zabura, hannun babbar rigata ya maƙale a taɓarya, na yi karo da turmi, na kife. Na tashi na bi akuya muna zagaya rumbu, ina faɗa mata maganganun da bai kamata a ji a bakin tsohon malamin makaranta ba. Sai da na raka ta har bakin hanya. Ko da na dawo ina haki, hula a hannu, Gwaggo ta kai salatin rufewa, ana shafa fatiha.

Rabi ta juye muryar a cikin kwamfutarta ta tafi-da-gidanka. Na ɗauka an gama, sai na ga ta buɗe wata 'yar manhaja, ta nuna mata fayil ɗin, kafin ƙiftawar ido wani dogon jeri na haruffa da lambobi ya fito, ba kai ba gindi. Na tambaye ta ko kwamfutar ce ta lalace. Ta ce a'a, sunan abin cekisam. Manhajar takan karance fayil daga farko har ƙarshe ta fitar masa da nasa jerin, guda sittin da huɗu, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. Idan aka kwafi fayil ɗin sau dubu ba a taɓa komai ba, jerin ba ya sauyawa. Idan kuwa aka cire ko da numfashi guda, ko katin waya ya ci wani wuri, sai ya birkice gaba ɗaya. Ta ce akwai mai guntun jeri, amma ita ta fi yarda da dogon, don shi ba a yi masa wayo. Ni dai tun ranar dangwale nake ce masa. Don ya yi sauƙin karantawa sai ta zana gidaje a takarda, takwas a tsaye takwas a kwance, ta sa harafi ɗaya a kowane gida. Ta yi guda biyu ta ba ni ɗaya. Na yi mata dariya, na ce mu da muka kwafi littattafai da hannu muka yi muƙabala, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da yatsa, ba mu buƙaci wannan tsirfar ba. Tawa takardar ko sati ba ta yi ba Hajiya Kulu ta ƙunshe barkono da ita.

Bayan azahar Baba Tanko ya iso, ƙura har gira, wai tayar babur ce ta fashe musu bayan sun wuce Faskari. Gwaggo ta gaji, murya ta dushe. Na lura da aka ce masa an gama sai ya saki ajiyar zuciya kamar wanda aka ɗage wa shari'a. Rabi ta ce ta kunna masa, ya ce a bari sai wani jiƙon. Da yake akwai wasan kaka da jika tsakaninsu, amarya yake ce mata, sai ta miƙa masa takarda ta biyu.

"Ungo, angona. Tunda ka makara, ga naka aikin. Wannan shi zai tsare muryar Gwaggo. Ka adana shi da kyau, kada ruwa ya taɓa."

Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon gidajen nan, ya ninke ya sa a cikin hula. Ban kawo komai a raina ba.

Yanzu ga inda almakashi ya shigo. Da na koma shago na zauna na saurari kwafin da Rabi ta bar mini a natse, daɗi ya cika ni, har aka zo wurin akuya. Ina jin ƙarar turmi da muryata tana tashi sai na kashe. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a cikin shago. Na ce a raina, wannan waƙa 'ya'ya da jikoki za su ji ta har bayan raina, a ce a tsakiyar addu'ar Malam ga Malam Sada yana zagin akuya? Na buɗe manhajar yanka, na duba zanen muryar a allo. Wurin hayaniyar ya yi tsiri-tsiri, tun daga tarin Gwaggo har inda abu ya lafa. Na sa alama nan, na sa can, na share, ban ko sake saurara ba don ba na son jin kaina. Da na kunna, addu'ar Gwaggo Hajo ta zarce cikin salati sumul, ko tabo babu. Na yaba wa kaina ƙwarai. Na goge na asalin da ke wurina don kada in rikice, ban kuma gaya wa kowa ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Gwaggo ta rasu farkon bazara, cikin sauƙi, Allah ya jiƙanta. Ranar arba'in na zo da katuna goma sha biyu, kowane gida ɗaya, ina rabawa ina ƙasaita ana sa mini albarka. Baba Tanko ya karɓi nasa ya sa a aljihu ya koma Sabuwa. Daga nan shiru. Mutumin da ba ya wata guda bai kira ni ya yi mini tsiya ba, sai ga shi wata uku ko gaisuwa. Na kira, a ce yana barci. Aka yi sunan jikan Baba Sani a Sheme, bai zo ba. A wurin sunan ne 'yarsa Hinde ta ja ni gefe.

"Yaya, Baba ya ji waƙa. Ya ji ta sau ɗaya, ya ce a kashe. An yi ma kowa addu'a ban da shi. Ko kasuwar shanu ya bar zuwa, yana zaune zaure yana kallon ƙasa. Ya ce ashe Gwaggo lallashin shi take yi shekara da shekaru."

Wallahi har a lokacin ban zargi kaina ba. Na ɗauka hayaniya kawai na cire. Na yi ta jin haushin Malam Habu a raina, ina cewa ashe tsofaffin da ma sun iya riƙo. Sai da Rabi ta zo babbar salla na ba ta labari muna cin nama a tsakar gida. Ta ajiye tsokar da ke hannunta.

"Baba, ai yana ciki. Da kunnena na ji. Lokacin kana bayan rumbu."

"Ba ya ciki. Na saurari katin nan ya fi sau ashirin."

"Wane katin? Baba, ka taɓa fayil ɗin nan?"

"Ni? Ko baiti ɗaya ban taɓa ba."

Hajiya Kulu tana gefe tana soya kayan ciki, ba ta ko juyo ba ta ce, "Tambaye shi abin da ba baiti ba." Shekara arba'in muna tare, ta san yadda nake zagaye gaskiya ba tare da na taka ƙarya ba. Rabi ta tashi. Ta ɗauko kwamfuta, ta sa katina, ta fitar da dangwalensa. Ta buɗe fayil ɗin da ta ajiye tun ranar Tafoki, ta fitar da nasa. Ta jera su ta juyo mini da allon. Ko harafin farko bai zo ɗaya ba. Ni da na yi shekaru ina kama yara da satar amsa, ranar na san yadda suke ji. Na faɗi abin da na yi, Hajiya ta yi dariya har ta ƙona hanta.

Rabi ta ce mu tura wa Hinde na asalin ta waya a huta. Na ce a'a. Ɓarnar da na yi da hannuna ba zan aika waya ta gyara mini ba, zumunta a ƙafa take. Kwana biyu bayan salla muka yi sammako, mota ta kai mu Sheme, wata ta kai mu Faskari, daga nan babura suka yi ta jijjiga mu har Sabuwa. Duk hanya ina tsara yadda zan faɗi laifina ba tare da na ambaci turmi ba.

Mun iske shi a zaure shi da Liman na unguwarsu da wasu dattawa biyu abokan cinikinsa. Ya rame. Aka gaisa, aka kawo fura. Na so a keɓe, ya ce waɗannan ba baƙi ba ne. Haka na durƙusa a gaban mutane huɗu na ce ni na yanke waƙar, addu'arsa tana nan, ga ta mun zo da ita. Ya dube ni ya dubi Rabi, ya girgiza kai.

"Sada, kai ɗan kirki ne, na sani. Hinde ta hwaɗa maku halin da nike ciki, kun ji tausai. To ni ba yaro ba ne. A kasuwa an kunna mani muryar wani malami da ya daɗe da rasuwa yana tallar maganin basir. Na'ura ta yi. In ta iya wannan, ta iya Delu."

"Kaka, ka saurara dai," in ji Rabi.

"Ba ni saurare. In na ji, zuciyata za ta so ta yarda ko ƙarya ce. Gara in zauna da gaskiyata mai ɗaci."

Nan na ga ɓarnar ta fi yadda na zata. Ban cire baiti kawai ba, na cire masa yarda. Can Rabi ta ɗago.

"Angona, ina takardar da na ba ka a Tafoki?"

"Wace? Hatimin?"

"Wane hatimi?"

Ya naɗe hannun rigarsa ta dama. A damtsensa ga wata laya, jar fata, ɗinkin baduku mai kyau. Ashe da ya ga gidaje takwas-takwas da haruffa a ciki, ya kuma ji an ce zai tsare, kada ruwa ya taɓa, bai tsaya ko'ina ba sai wurin baduku. Kusan shekara yana yawo da ita. Ya ce tun da ya ɗaura ta ko sa ɗaya bai tunkuye shi ba. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Rabi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta matsa kusa da shi ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ba hatimi ba ne, dangwalen muryar Gwaggo ne na ranar da aka ɗauka. Takardar tana jikinsa tun ranar, ba wanda ya taɓa ta. Idan fayil ɗin da muka zo da shi ya fitar da jeri iri ɗaya da na cikin layar, to shi ne na ranar, ba ragi ba ƙari.

"In kun san lambar, ba ku iya ƙera wata murya ta dace da ita?"

"Kaka, in na ba ka gari, ka iya maido mani da shi dawa?"

Baba Tanko dillali ne, ba ya sayen sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba. Ya ce sai an gwada a gabansa. Rabi ta ce wa Liman ya yi sallama a waya, ta ɗauka, ta fitar da jerin, ta kwafa sau biyu, jerin bai motsa ba. Sannan ta gutsure ɗan numfashin da Liman ya ja a ƙarshe. Aka kunna, kunne bai ji bambanci ba, amma jerin ya sauya tun daga gidan farko har na ƙarshe. Baba Tanko ya sa aka maimaita da muryar ɗaya daga cikin abokansa, wai ko Liman sun haɗa baki da mu. Da ya gamsu sai ya kwance layar ya riƙe ta a tafin hannu, yana jujjuya ta. Na gane abin da yake aunawa: muddin tana ɗinke yana da sauran zato, in aka farke kuma ba ta dace ba, shi ke nan.

"A ba ni reza," ya ce.

Da kansa ya farke ɗinkin. Takardar ta yi laushi da gumi amma rubutun yana nan. Rabi ta fitar da dangwalen fayil ɗinta, ta ƙara masa girma a allo. Baba Tanko bai yi boko ba, sai dai ya san lambobi, idonsa kuma ya saba rarrabe shanu ɗari da tabon goshi. Ya ce ni ba zan karanta ba, ni ne mai laifi. Liman ya riƙe takarda yana karantawa gida-gida, Baba Tanko yana leƙa takardar yana bin allon da yatsa, dattawan nan biyu suna cewa "na'am" a ƙarshen kowane layi. Sai na ga ashe muƙabalar da na yi wa Rabi gori da ita ce ake yi a gabana, ba abin da ya sauya sai allon. A layi na biyar gumi ya ɗan cinye wani gida, aka tsaya ana gardama ko takwas ne ko harafin "b". Baba Tanko ya ɗaga takardar a hasken ƙofa, ya ce cikinsa ɗaya ne, ba biyu ba, irin na allon ne. Aka wuce. Da Liman ya faɗi gida na sittin da huɗu, ba gida ɗaya da ya saɓa.

Tun daga ranar ba katin da ke fita daga shagona ban gwada dangwalensa da na asali ba, na kuma sha kama katunan jabu da ke cinye rabin tafsiri. Amma wannan daga baya ne.

"To kunna," in ji Baba Tanko.

Na roƙi Rabi da ido ta tsallake wurin akuya. Ta yi kamar ba ta gan ni ba, ta fara daga addu'ar Gwaggo Hajo. Aka ji tari, aka ji kukan akuya, aka ji turmi ya faɗi tim, sannan muryar Gwaggo tar kamar tana zaune a zauren.

"Kai Sada, ba ta nan ba, ta bayan rumbu. Wai kai malamin boko, akuya ta hi ka dabara."

Daga nan sai muryata, da duk abin da na gaya wa akuyar nan game da uwarta da kakanninta. Liman ya yi ta istigfari yana dariya. Dattawan suka kwanta a kan buzu. Baba Tanko da kansa, wanda aka ce wata uku bai yi murmushi ba, ya riƙe ciki yana nuna ni da yatsa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ana cikin haka, ihuna yana nisa yana komawa bakin hanya, sai Gwaggo ta gyara murya a ƙarƙashin hayaniyar ta ci gaba, a hankali:

Tanko ɗan autana ya bi shanu,
Ni ban hana ba, ban ko yi hushi ba,
Allah ka sa shi a kiwon alheri,
Ka kai shi inda ban kai da ƙahwa ba.

Dariya ta ɗauke. Rabi ta tsayar. Baba Tanko ya zauna bakinsa a ɗan buɗe, hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Ban taɓa jin kunya da farin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na wannan lokacin ba. Ya ce a sake. Rabi ta matsar zuwa farkon baitin, ya ce a'a, tun daga akuyar, kada a rage masa komai. Sau huɗu aka yi, sau huɗu ina faɗuwa a kan turmi a gaban Liman. Sannan ya yanke hukunci: in karɓo katunan nan goma sha biyu in sake ɗura na asalin, da tarin da akuyar da zagin, kowane kati kuma a haɗa shi da takardarsa mai gidaje. Na ce ko za a ɗan rage muryata kaɗan. Rabi ta ce in aka rage dangwale ba zai dace ba. Haka na bi gida goma sha biyu da ƙafata ina raba abin kunyata, shi ya sa yau ba jikan Malam Habu da bai haddace abin da na ce wa akuyar nan ba.

Da la'asar mun fito za mu nemi babura, ya rako mu har bakin hanya, abin da ba ya yi wa kowa. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Sada, ashe bai yi hushi ba. Shekara sittin ina ɗauke da hushin da ba a yi ba."

Na ce haka ne, Baba.

"Ku kwana nan. Gobe ka raka ni Tafoki ka nuna mani kushewarshi. Ban taɓa zuwa ba."

Muka fasa neman babura muka koma ciki, ya ƙwala wa Hinde kira ta wanke masa farar riga.